Wanda Ya Ɗaure Kare Ya Ɗauki Bashin Faratansa

A kowace kasuwa da ke ci a yammacin Kano, daga Kabo zuwa Gwarzo har Getso, kunne ne ke fara sanin zuwan mai yankan farce kafin ido ya gan shi. Yana tafe yana kaɗa ɗan almakashinsa, da 'yar kwalbar ruwan sabulu da guntun soso a ɗaya hannun. Dattijo ya yafito shi, ya tsuguna, ya ɗora ƙafar a kan gwiwarsa, ya jiƙa farcen, ya datse, ya bi gefe-gefe ya kankare, hirar farashin masara ko katsewa ba ta yi ba. Babu mai kallon wannan ya ce gata ne ya yi yawa. Bahaushe ya daɗe da sanin farce idan ya wuce ƙa'ida ƙazanta ne kuma cuta ne, addini ma ya hana a bar shi ya haura kwana 40. Sanin bai tsaya ga mutum kaɗai ba. Mai doki yana duba kofato kafin ya ɗaura sirdi, mai kiwon ragon layya kuma da ya ga kofato ya miƙe yana lanƙwasa kamar bakin tsohon takalmi, zai nemo wuƙa ya fere. Amma a ambaci farcen kare, sai fuska ta canza. Amsar da aka fi ji gajeriya ce: ai kare ne.

Wannan amsa ta yi zamanin da take daidai, zamanin ne ya wuce ba mu ankara ba. Hujjata a nan ita ce, duk wanda ya ɗaure kare ko ya kulle shi a gida, ya karɓi aikin da ƙasa ke yi wa ƙafarsa kyauta, idan kuwa bai yi ba babu mai yi. Kuma wannan ɗan aiki na minti 15 a wata, idan aka fara shi tun kare yana kwikwiyo, shi ne hanya mafi araha ta samun karen da ake iya riƙewa da hannu. Rashin irin wannan kare yana cikin dalilan da suka sa har yau ciwon haukan kare bai bar mu ba.

Farcen kare, kamar na mutum da kofaton akuya, ba ya daina tsiro har mutuwa. Kyanwa tana janye nata ta ɓoye, shi kuwa nasa kullum a waje yake, yana gogar duk abin da aka taka. Karen da kakanninmu suka sani a wannan yanki ma'aikaci ne. Yana bin garken Fulani daga mashaya zuwa makiyaya, yana kwana a gindin rumbu a gidajen gona, na Maguzawa da na sauran manoman da ke zaune nesa da gari, da an gama girbi kuma ya bi mafarauta daji yana korar zomo yana tonon ramin gafiya. Ƙasar nan a wurare da dama jangargari ce da tsakuwa da marmara, kuma daga Nuwamba zuwa Afrilu a bushe take ƙamas. Karen da ke wuni a kan irin wannan ƙasa, da magagari a ƙarƙashin ƙafarsa yake yawo. Abin da ya tsiro cikin mako, hanya ta cinye shi cikin mako. Shi ya sa tsohon mafarauci zai iya rantsuwa cewa ya shekara 40 yana riƙe da karnuka bai taɓa yanke wa ɗaya farce ba, kuma bai yi kaffara ba.

Karen yau a wani hali daban yake. Ƙidayar 2006 ta ba Gwarzo mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000, kowa kuma ya ga yadda garuruwan suka cika suka batse tun daga lokacin. Fili ya ragu, danga ta koma katangar bulo, tsakar gida ta sha siminti, wani wuri har da tayil. Wanda ya ajiye kare saboda ɓarayin awaki ko masu haura katanga su ɗauke babur, ba ya iya sakinsa da rana: maƙwabta za su kawo ƙara, yara za su jefe shi, ko wani ya sa masa guba. Don haka yana wuni a sarƙa mai tsawon taku uku a bayan ɗaki, sai bayan isha'i a sake shi ya zaga cikin katanga. A birni kuma an fara ajiye ƙananan karnuka masu gashi irin su Lhasa da wanda masu sayarwa ke kira Eskimo, waɗanda ba su da nauyin da zai danna farce a ƙasa ko da suna yawo, balle ba sa fita, abin da ya kama birnin Kano kuwa titin Gwarzo ba ya daɗewa bai kawo shi ba. Manomi ya san wannan yanayi sarai. Shi ne abin da ke samun akuya da damina, idan an turke ta wata huɗu don kar ta shiga gona, tana tsaye a kan jiƙaƙƙen taki har kofato ya yi zaƙo-zaƙo. Ba mai cewa ai akuya ce. Kama ta ake yi a gyara, domin an san turken ne ya jawo, kuma alhakin na kan mai turken.

A duba ƙafar karen da ya yi wata shida a sarƙa. Yatsu huɗu ne ke taka ƙasa a kowace ƙafa, kuma an halicce shi ya dogara a kan tattausan naman tafin dagi, farce ya tsaya dab da ƙasa, ba ya shiga aiki sai wajen gudu ko tono. Idan ya yi tsawo, shi ke fara isa ƙasa. Kowane taku sai ya tura yatsan sama ko gefe, yatsun su wawware, kare ya koma yana mayar da nauyinsa baya don ya rage zafi. A kan siminti za ka ji shi ƙwas-ƙwas-ƙwas kamar ana zuba tsakuwa a faranti, kuma wannan ƙarar ce alamar farko, ba sai likita ya faɗa ba. Dogon farce yana maƙalewa a zoben sarƙa ko a buhu ko a tsagar ƙofa, kare ya fizga, ya tsage har cikin nama, ƙuda ya samu wurin zama. Mafi muni shi ne ɗan yatsa na biyar, wanda ke maƙale a gefen ciki na ƙafar gaba, sama kaɗan, kamar cindo. Wasu karnukan har a ƙafar baya suna da shi. Shi ba ya taka ƙasa a tafiya, don haka ko karen farauta bai tsira daga tsawonsa ba. Idan an manta da shi sai ya yi ta naɗewa kamar ƙahon rago har tsininsa ya dawo ya huda fata. Kare ya yi ta lasar wurin, yana ɗingishi, yana gurnani idan yaro ya matso. Mai gida ya ce ya ɗauki mugun hali, alhali ƙaya ce a jikinsa wadda ba ya iya cirewa.

Yankan kansa ba ilimi ne mai zurfi ba, amma akwai abu guda da ya wajaba a sani. Farcen mutum a shimfiɗe yake a kan nama, ana ganin iyakarsa. Na kare kamar kube ne, a cikinsa akwai ɗanyen nama mai jini da jijiyar jin zafi, wanda ya miƙo daga yatsa ya tsaya kafin tsini. Abin da ya wuce wannan naman matacce ne, yanke shi ba ya zafi. Idan farcen fari ne, a haska shi da fitilar waya za a ga naman ja-ja a ciki, sai a bar tazarar kamar milimita 2, kaurin tsinken ashana ke nan, a datse sauran. Idan baƙi ne ido ba ya ratsa shi, sai a bi shi da haƙuri ana ɗebe siriri-siriri, ana duba bakin yankan bayan kowace datsa. Muddin wurin fari ne busasshe kamar alli, da saura. Da zarar wani ɗigo mai duhu da ɗan danshi ya bayyana a tsakiya, an iso iyaka, a tsaya. Halitta kuma tana taimakon mai haƙuri, domin naman nan bin farce yake: idan farce ya yi tsawo ya miƙe tare da shi, idan ana rage tsinin a kai a kai ya riƙa ja da baya. Don haka farcen da aka yi sakaci da shi shekara guda ba a gyara shi rana ɗaya. Ana rage kaɗan duk mako ko mako biyu har ya dawo daidai, daga nan sau ɗaya a mako uku ko huɗu ya wadatar.

Kwikwiyo ɗan wata ɗaya ko biyu farcensa siriri ne mai tsini kamar ƙayar aduwa, abin yankan farcen mutum na ƙarfe da ake sayarwa a tebur ya ishe shi. Idan ya girma farcen ya yi kauri, wannan abin yankan murƙushe shi zai yi maimakon yanka, a nan ake bukatar almakashin da aka yi don karnuka, mai kama da filaya. Wanda bai samu ba, magagari ko sanfefar da aka liƙa a guntun katako suna yin aikin, a hankali amma ba haɗari. Reza da wuƙa ne bai kamata su kusanci ƙafar kare ba, domin motsi ɗaya ya isa su zarce cikin dagi ko cikin yatsan mai yanka. Lokacin da ya fi shi ne da sanyin safiya ko bayan la'asar, kare ya ci ya ƙoshi jikinsa ya saki. Mutum biyu ake so. Ɗaya ya zauna a kan buhu ya jawo kwikwiyon gefen jikinsa, hannu ɗaya a ƙirji, ɗayan yana sosa bayan kunne. Mai yanka ya ɗaga ƙafar ba tare da murɗa ta ba, babban yatsa a ƙarƙashin dagi, manuniya a sama, ya ɗan matsa, sai farcen ya fito fili. Datsa ɗaya, a miƙa masa ɗan ƙanzon tuwo. Idan bayan farce uku ya fara kuka yana fizge-fizge, a sake shi, gobe ma rana ce. Tsawa da duka ba su da wuri a nan, domin abin da ake ginawa ya fi farcen muhimmanci.

Kuskure yana faruwa har ga ƙwararru. Idan an taɓa nama kare zai yi ƙara, jini ya fito fiye da yadda ake zato daga ɗan wuri haka, amma ba abin tashin hankali ba ne. A ɗebi garin masara ko fulawa a danna a bakin farcen, a riƙe minti biyu zuwa uku ba a ɗagawa ana leƙe. Garin alimun, wanda ake kwantar da dattin ruwa da shi, ya fi sauri. Toka da ƙasa da baƙin mai, waɗanda hannu ke saurin kaiwa gare su, dauɗa suke ƙarawa. Kada kuma tausayi ya sa a ba kare maganin ciwon jikin mutane, irin su ibuprofen suna lalata masa ciki da ƙoda. Jinin da ya ƙi tsayawa, ko farcen da ya tsage har tushe, ko wanda ya nutse cikin fata ya yi ruwa, wannan ya fi ƙarfin gida, sai malamin dabbobi.

Abin da ake ginawa shi ne yarda. Masana halayyar dabbobi sun tabbatar cewa daga kimanin mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa, abin da kwikwiyo ya saba da shi yakan zama masa ba komai har tsufa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Karen da aka saba kama ƙafarsa, a buɗe yatsunsa, a leƙa kunnensa a cire kaska, shi ne zai tsaya a yi masa allura. Wanda kuwa tun da aka kawo shi a kwali aka ɗaure, ba hannun da ya san shi sai na jifa, tuwo ma da sanda ake tura masa, ranar da ma'aikatan rigakafi suka zo gari, mai shi da bakinsa zai ce musu ba ya kamuwa. A nan maganar farce ta haɗu da maganar rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara, kusan duka a Afirka da Asiya, 4 cikin kowane 10 kuma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma kusan duk wanda ya kamu daga kare ya samu. Cutar kan yi wata biyu zuwa uku tana kwance a jiki, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara, da zarar kuwa alamunta sun bayyana, mutum ya fara tsoron ruwa, da wuya ƙwarai a tashi. Amma an san lagonta: idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, aka kuma ɗore, sai ta rasa inda za ta bi. Maganin ba sabo ba ne. Tun watan Yulin 1885 Louis Pasteur ya ceci wani yaro ɗan shekara 9 mai suna Joseph Meister a Faransa, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka ware don yaƙi da cutar. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana sarrafa allurar karnuka. Sai dai kashi 70 ɗin nan a ƙofar gida ake cika shi, a Kutama da Lakwaya da Durun da Gude, kare ɗaya bayan ɗaya, kuma kowanne sai an samu mai riƙe shi.

Wani zai tambaya, to ashe gajeren farce yana tsare mutum daga haukan kare? A'a, kuma haɗari ne a bar kowa da wannan zato. Ƙwayar cutar a yawu take, cizo ne babbar hanyarta. Yakushi ma yana iya ɗaukar ta, tun da kare na lasar ƙafarsa, shi ya sa likitoci ke lissafa ko ƙujewar da ba ta fitar da jini ba cikin abin da ke bukatar allura idan ana shakkar karen. Rage tsinin farce yana rage yakushin da yara ke sha wajen wasa da kwikwiyo, riba ce, amma ba ta tsaya a madadin allurar da ake yi masa yana wata 3 a kuma riƙa maimaitawa ba. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa na tsawon minti 15, a nufi asibiti a ranar, babban asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, shi kuma karen a killace shi ana lura da shi kwana 10.

Ƙorafin da ya fi ƙarfi daga masu karnukan gadi yake fitowa. Cewa suke kare idan ya saba da hannu ya lalace, ya zama na kowa, ɓarawo ma zai kaɗa wa jela, gara a bar shi da fushinsa. Akwai abin dubawa a maganar, domin karen da duk mai wucewa ke shafawa yana jefa masa abinci, lallai gadinsa na raguwa. Amma mutum biyu ko uku na gida kawai ake so ya yarda da hannunsu, kuma hujjar tana wurin mafarauta. Babu mai taɓa kare kamar mafarauci: yana cire masa ƙarangiya da tsidau daga tsakanin yatsu, yana wanke masa rauni, yana ɗora shi a kan babur idan ya gaji, yana karɓe zomo daga bakinsa, kuma duk wannan bai rage masa zuciya a daji ba. Karen da tsoro da ciwo ne suka sa shi faɗa ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabcin da ya shigo ɗaukar ƙwallo, yaran gida kuma su suka fi kusa da bakinsa. Masu cewa karen farauta na bukatar farce don ya riƙe ƙasa a guje ya kuma yi tono, gaskiyarsu, ba a ce a guntule shi ba. Wanda ke aiki a bar wa daji ya gyara masa, a duba na biyar ɗin kawai, sai kuma da damina, lokacin da farauta ta tsaya ƙasa ta yi laushi. Abin da ke ba ni takaici shi ne, hannun da ke ƙyamar rage mataccen farce, sau da yawa shi ne ke yanke wa kwikwiyo kunne da reza, nama mai rai, babu maganin kashe zafi.

Sai babbar magana, wadda ko ba a furta ba ita ke ƙarƙashin sauran, wato najasa. Da yawanmu mun tashi da fahimtar cewa taɓa kare kansa laifi ne. Ya kamata a yi wa wannan damuwa adalci, domin daga son tsarki ta fito. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi a kan ajiye kare ba dalili, sun ambaci raguwar lada kowace rana, sun yi umarni da wanke ƙwaryar da ya sa wa baki sau bakwai. Ba ina kiran kowa ya je ya nemo kare ba ne, mai son ajiye shi don ado kawai kuma ya fara zama da malaminsa. Amma hadisan nan su suka keɓe karen farauta da na kiwo da na gona, aya ta 4 a Suratul Ma'ida kuma ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, horo kuwa ba ya yiwuwa daga nesa. A mazhabar Malikiyya, wadda a kanta aka karantar da ƙasar nan daga Ahalari da Ishmawi har Risala da Muhtasar, duk mai rai tsarkakakke ne, har da kare da yawunsa, wanke ƙwaryar kuma ibada ce da aka yi umarni da ita, kuma taɓa shi ba ya cikin abubuwan da ke warware alwala. Masu sharhin Risala sun kawo labarin mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don tsoro, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu zaki ma zai ajiye. Shafi'iyya da Hambaliyya sun ɗauki kare najasa, akwai kuma masu bin wannan fahimta a cikinmu, amma ko a wurinsu najasa wanki ke gusar da ita, busasshen hannu a kan busasshen gashi kuma ba ya ɗaukar komai. Mahauci yana wuni cikin jini da tumbi, ya wanke ya shiga sahu.

Tsarki ya ba da hanya, haƙƙi kuwa tilastawa yake. Labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare yana cikin Buhari da Muslim, yaran Islamiyya ma sun san shi. Haka labarin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. A lura da abin da aka kama ta da shi: kullewa, sannan ƙin ɗaukar nauyin abin da kullewar ta hana. Sakakken kare yana neman ruwansa da inuwarsa, yana goge farcensa a hanya. Ɗaurarre ba ya iya ko ɗaya, sai abin da aka yi masa. Wanda ya sa sarƙar ya san da ruwa da tuwo a wuyansa, saura ya san ƙafar ma a wuyansa take.

Akwai kuma mai cewa mutane na fama da tsadar taki da kuɗin makaranta, wa ke ta farcen kare? Ba na raina wannan magana, halin da ake ciki ne. Amma cikin duk abin da dabba ke nema a wurin mai ita, da wuya a samu mai araha kamar wannan: abin yanka guda da zai shekara da shekaru, cokalin garin masara, da rubu'in awa. Tsadar tana ɗaya ɓangaren. Allurar da ake yi wa mutum bayan cizo jere ce cikin kwanaki, ba kowane asibitin karkara ke da ita a firji ba, kuma idan sai an dangana da Kano, tafiyar kimanin kilomita 70 ce daga Gwarzo, zuwa da dawowa, sau da dama. Talaka ya fi kowa bukatar karensa ya zama mai kamuwa, domin idan abin ya faru ba shi da abin sayarwa sai akuyar da karen ke gadi.

Duk wannan aiki na karen gida ne da aka sani aka kuma yi wa allura. Karen da aka tsinta, ko wanda halinsa ya sauya kwatsam, mai faɗa ya yi laƙwas ko mai sanyi ya hau cizon sarƙa da itace, yana dalalar da yawu muryarsa ta canza, ba a kusantarsa da almakashi ko da hannu, a killace shi a kira ma'aikacin dabbobi. Babban karen da ya girma ba a taɓa kama ƙafarsa ba, ba a fara masa da yanka. Zama kusa da shi ake farawa, sai shafa kafaɗa, sai gwiwa, sai dagi, kwanaki ko makonni. Ranar yankan farko a sa masa takunkumi na ƙyalle mai laushi, na 'yan mintoci kawai kuma a inuwa, domin da haki kare ke fitar da zafin jikinsa. Yara su kalla su koya, amma kada a bar musu.

Sauran aikin na masu ilimin ne, kuma ba a rasa su ba. Ƙananan hukumomi suna da sashen noma da ma'aikatan lafiyar dabbobi, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya ta shafe sama da shekara 50 tana yaye likitocin dabbobi, Jami'ar Bayero ma, wadda sabon mazauninta ke kan wannan titi na Gwarzo, ta buɗe tata tsangayar. Idan an taru rigakafin shanu da awaki a dandali, ko an fito allurar karnuka a ƙarshen Satumba, ba abin da zai hana ma'aikaci ya ware minti biyar ya kama ƙafar kwikwiyo ɗaya a gaban jama'a, ya haska farcen, ya nuna inda nama ya tsaya, ya datse, ya miƙa wa mai shi almakashin ya yi na gaba. Sarkin Dawa da 'yan sintiri, waɗanda maganarsu a kan kare ta fi ta kowane likita shiga kunne a Gwarzo da Kabo, su ya kamata a fara zaunarwa a sahun gaba, kowa da kwikwiyonsa na bana a hannu.